Naman Layya a Gidan Malama Odil

Habsu, Ibrahim, na san abin da kuka ji. A bikin da muka je Stains bara na ga wata tsohuwa ta ja ki gefe, Habsu, na kuma ga yadda fuskarki ta sauya a cikin bas muna dawowa. An gaya miki uwarki ta taɓa zama gidan mai gunki a Lyon, ta zauna da kare, ta zaɓi baƙuwa a kan ƙanwar ubanta. Wani ɓangare na maganar gaskiya ne, shi ya sa ba zan ce ƙarya aka yi mini ba. Zan dai ba ku labarin yadda ya faru, don ku san wace ce matar, ku kuma san asalin zanen ragon da kuka tashi kuna gani a salon, falon gidanmu.

Na zo Faransa daga Zinder karatun adabi, ina yarinya mai yawan kallon sama. A Stains na sauka, a gefen Paris, gidan Gwaggo Mariama, ƙanwar babana, wadda ke da shagon atamfa da shadda a Château Rouge. Gidanta ba ya rabo da murya: rediyo, waya, ƙawayenta ƴan Chadi da ƴan Garwa suna gardama a kan farashin leshi, ita kuma tana kiran sunana daga kuzin, wurin girkinta, “Salame! Kin sake tsayawa taga kina ƙirga tantabaru?” Ta so ni ƙwarai, irin son da ke zuwa da faɗa da cika kwano. Da fakulte, wato jami'a, ta ba ni gurbi a Lyon, ita ta raka ni gar, tashar jirgin ƙasa, ta cusa mini kilishi a jaka, ta ce in nemi ɗaki wurin tsohuwa, kada in zauna cikin samari.

Tsohuwa kuwa na samu. Sunanta Odil, tana zaune a saman tudun da masaƙan siliki suka zauna a da, a wani gida mai dogon rufi da matakala masu gajiyarwa. Kanta a aske yake tas, rigarta kullum toka-toka. Ɗiyar makiyayi ce daga duwatsun kudancin Lyon. Tana budurwa ta tafi ƙasashen Asiya, ta daɗe can, ta dawo tana koyar da addinin Buda. Da yamma mutane kan zo su zauna a ƙasa a falonta, su yi shiru na dogon lokaci, sai ta kaɗa wata ƴar ƙararrawa su tashi. A kusurwar falon akwai ƙaramin mutum-mutumi na katako da kwanon ruwa a gabansa. Tun ranar farko na gaya mata ni Musulma ce, ba zan zauna tare da su ba. Ta ce ba ta nema ba. Abin da ta tambaye ni shi ne ina gabas ɗina take, da kuma lokutan sallata. Daga ranar ban taɓa jin ƙararrawar nan ina kan darduma ba. Na fara kiranta Malama, ta tambayi ma'anarsa, ta yi dariya ta ce sunan ya fi ta girma amma za ta yi ƙoƙarin cika shi.

Gidan kuma na dabbobi ne kafin ya zama namu. Akwai kyanwoyi da ta tsinto a bakin kogi, akwai tantabara mai karyayyen fiffike da ke kwana a kwali, akwai kuma wani farin kare da ta sa wa suna Nuwaj, wato Girgije. Ko gizo-gizo ta gani a banɗaki, sai ta kifa masa kofi ta sauka da shi har ƙofar gida tana ba shi haƙuri. Nama kuwa ba ta ci, tun kafin a haife ni. Ni da na tashi ana jifar kare daga nesa, hankalina bai kwanta da Girgije ba. Na yi mata bayanin yawunsa da tsarkin tufafin sallata, ina jin kunya, ina jiran ta ɓata rai. Ta saurara har ƙarshe. Kashegari ta shimfiɗa jan zare a bakin ƙofar ɗakina, ta zauna da karen a wurin tana yi masa magana a hankali, yau da gobe, har ya gane. Duk zaman da na yi a gidan, Girgije bai taɓa ƙetare zaren nan ba. Yakan kwanta daga waje, hancinsa dab da zaren, ya jira in sallame.

Zanenta shi ya fara jawo ni gare ta. Takan niƙa tawada da hannunta a kan wani baƙin dutse, ƙamshinta ya riƙa tuna mini tawadar malaminmu na allo. Tana da ƙa'ida guda: ba ta zana dabbar da ba ta zauna da ita ba. Sai ta yi kwana da kwanaki tana kallon kyanwa ba ta taɓa takarda ba, rannan kawai ta tsoma burushi, kafin ka ja numfashi ka sauke kyanwar na kwance a takarda, har kana jin ɗumin cikinta. Ba ta gyara, ba ta sharewa. Na taɓa nuna mata waƙoƙin da nake rubutawa a ɓoye, cike da wata da taurari.

“Kin taɓa zama da wata?” ta tambaye ni.

“A'a, Malama.”

“To rubuta mini kan tantabarar kwalin nan. Ita kin san ta.”

A shekara ta biyu ciwo ya kama ta. Likita ya ce a cikin hanji yake, za a yi mata aiki, daga baya a riƙa ƙara mata magani ta jijiya. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Ɗalibanta mutanen kirki ne, amma suna zuwa ne su yi shirunsu su koma gidajensu. Ni ke hawa da kayan cefane, ni ke niƙa mata tawada da hannunta ya fara rawa, ni ke sauka da Girgije ina riƙe da igiyarsa da safar hannu. Ana cikin haka Sallar layya ta zo, kuma labari ya riga ya kai Stains ta bakin wata ɗaliba ƴar Maraɗi cewa akwai kare da gunki a gidan da nake. Gwaggo ta bugo waya, gaisuwarta gajeriya. Ta ce kashegarin Sallah tana tafe, za ta gani da idonta.

Na tarye ta a gar tana jan wata shuɗiyar glasiyer, akwatin nan mai riƙe sanyi. Gwaggo ba ta shiga gidan babba hannu sake, ko da faɗa ta je yi. Cinyar ragonta ce a ciki, guda cur, wadda a gidanmu na Zinder ake kai wa wanda ya fi kowa girma a unguwa.

“Gwaggo, ba ta cin nama fa.”

“Wane irin ba ta cin nama? Ba ta samu mai kyau ba ne. Wannan na layya ne, ɗiyata, ba na kantin sifermarshe ba.”

“Wallahi ko kifi ba ta ci.”

“Ke dai ɗauki jakar nan mu je. Ni za ki koya wa halin mutane?”

Abin mamaki, haɗuwarsu ta yi daɗi. Gwaggo ta tattare zanenta daga karen, ta kalli mutum-mutumin ta wutsiyar ido ta yi a'uziyya a ciki-ciki, amma da ta ga jan zaren, ta ga dardumata a shimfiɗe da Alƙur'anina a sama, sai kafaɗunta suka sauka. Ta gaida Malama da faransancinta na kasuwa, ta tambayi jiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi iyalin da babu. Sannan ta buɗe glasiyer ta miƙa cinyar. Na ce wa Malama kyautar girmamawa ce, ta babbar ranarmu. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana kallon naman.

“Wane launi ne shi?” ta tambaya.

Gwaggo ta kwashe da dariya. “Madam, ina na gan shi? Mahauci na ba wa oda. Nan ƙasar ba a ganin rago sai a leda.”

Amma tambayar ta buɗe mata baki. Ta shiga ba da labarin ragunan babansu, irin udan nan, gaba baƙi baya fari kamar an tsoma rabinsa a tukunyar baba ta marina, kunnuwa zalo-zalo, ƙaho ya miƙe gefe yana murɗewa. Ta ce akwai wanda ke bin ta har bakin rijiya tana ƙarama, ranar da aka yanka shi ta ƙi cin abinci. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Malama, ɗiyar makiyayi, ta saurara idonta a rufe. Bayan azahar na fita da Gwaggo ta ga kantunan siliki, tana taɓa yadi tana cewa tsadar banza ce, tana kuma tambayar inda ake sarinsa.

Da muka dawo, tun daga matakala muka ji ƙamshin dafaffen nama, a gidan da ban taɓa jin an dafa shi ba. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Mi na gaya miki?”

Muka shiga kuzin. Malama na durƙushe a ƙasa, da ciwonta da komai, tana yayyaga naman da yatsu a hankali tana zubawa a kwanon Girgije. Kyanwoyi sun kewaye ta, kowace da nata. Bakinta na motsi da irin addu'arsu. Ta ɗago fuska a sake, kamar wadda ta gama wani aikin alheri tana so a gani.

Gwaggo ta yi salati da ƙarfi har tantabarar ta buga kwali.

“Naman layya! Salame, naman layyata ne a kwanon kare?”

Malama ta dube ni, ta dube ta. Ta ce ita ba za ta iya ci ba, kuma ba za ta bar ran da aka ba ta ya lalace a cikin sanyin frigo ko ya tafi shara ba. Ta ce ta yi wa ragon addu'a, ta ba waɗanda ta fi ƙauna a duniya. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na fassara, kuma ina fassarawa ina jin yadda kowace kalma ke ƙara zafi idan ta shiga Hausa.

“Waɗanda ta fi ƙauna,” in ji Gwaggo. “To madalla. Ni da Annabi Ibrahim mun gode. Shiga ki haɗo kayanki, c'est fini, an gama. Akwai jirgin yamma.”

“Gwaggo, ba ta sani ba ne.”

“Ba ta sani ba, da furfurarta? Au, ashe ma ta aske. Haɗo kayanki na ce.”

“Makon nan za a yi mata aiki. Babu mai kai ta, babu mai zama da ita.”

“Masu zaman shirun fa? Su yi mata shirun a asibiti. Ke ubanki amana ya ba ni.”

Malama ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta dafa teburi ta miƙe da ƙyar, ta ce mini in bi gwaggota, dangi ba abin wasa ba ne, ita za ta san yadda ta yi. Na dubi hannunta, maiƙo a yatsu. Na tuna matakalan nan, na tuna yadda take tsayawa a kowane hawa tana yi kamar tana kallon bango. Ni ba mai gardama ba ce, kun sani. Har yau idan aka ɗaga murya sai in nemi taga. Amma na durƙusa gaban Gwaggo na ce ta yi mini aikin gafara, ba zan tafi ba sai matar nan ta tashi.

Gwaggo ta juya mini baya. Ta ɗauki glasiyer ɗinta, ta hana ni riƙe mata, ta sauka ita kaɗai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kuka ji guntunsa. Babana ya bugo daga Zinder, bai yi faɗa ba, abu ɗaya ya tambaya: “Salame, sallarki fa?” Na ce ina yi, Baba. Ya ce to, ya ajiye, kuma ya daɗe bai sake kira ba. Wannan “to” ɗin ya fi mini duka ciwo. Aka yi auren ɗiyar Gwaggo, wadda muke kwana gado ɗaya da ita, ba a aiko mini da anko ba. Daga unguwar Barbès ta Paris har Stains labarin ya riƙa girma a hanya, har aka ce an ga kaina a aske. Babanku ma ya ji labarin kafin ya ji sunana, kuma uwarsa ta sa an duba mata gashina ranar da aka fara kai ni gaishe ta.

Malama ta tashi daga aikin. Tana kwance a asibiti ta ce in gaya mata mene ne layya, daga tushe. Na ba ta labarin Annabi Ibrahim da ɗansa da ragon da aka fanshe shi da shi, na gaya mata yadda ake raba naman, da wanda ake kai wa cinya. Hawaye suka bi gefen kunnenta.

“Shekara da shekaru ina koya wa mutane su duba kafin su motsa hannu,” ta ce. “Na dubi ragon, ban dubi matar da ta kawo shi ba.”

Da ta samu ƙarfin zama, ta ce in niƙa tawada. A ranar ta karya ƙa'idarta, sau ɗaya a iya sanina: ta zana dabbar da ba ta taɓa gani ba. Uda ne, gaba baƙi baya fari, yana tafe kamar yana bin wani zuwa rijiya. Ta naɗe shi, ta ce in saya mata tikitin Paris, kuma ba ta yarda na raka ta ba. Ɗiyar Gwaggo ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce sun buɗe ƙofa suka ga tsohuwa mai aski tana haki, ta durƙusa a kan tabarmar goge ƙafa. Gwaggo ba ta iya barin babba a ƙofa. Ta shigar da ita, ta ba ta ruwa, ta ba ta kujera. Malama ta ce ta yi kuskure, ta zo neman gafara, kuma yarinyar ba ta da laifi. Gwaggo ta warware takardar, ta daɗe tana kallo, ta ce ƙahon ya yi gajere. Ta naɗe ta ɗora a kan almuwar, kabad ɗin tufafinta. Ta sa aka raka tsohuwar har gar. Ni dai ba ta kira ni ba.

Ban bar gidan ba, domin ciwon yana tafiya yana dawowa. Na gama karatu na fara koyarwa a can. Malama ta ci gaba da karɓar ɗalibanta, daga zaune a ƙasa ta koma kujera, daga kujera ta koma gado. Zanenta na ƙarshe tantabara ce, layi kaɗan, rabinta ma farar takarda ce kawai. Ta rasu da hantsi a farkon bazarar Turai, taga a buɗe, kyanwa a ƙafafunta, Girgije ya tsufa yana kwance a ƙasan gadon.

A al'adarsu ba a kuka kusa da mamaci, ba a hayaniya, wai kada a dame shi a tafiyarsa. Ɗalibanta suka cika falon suka zauna shiru. Na girmama abinsu, na shiga ɗakina na toshe bakina da mayafi. Da suka tashi kowa ya rungume ni ya ce ta huta. Suka watse. Babu wanda ya shimfiɗa tabarma, babu wanda ya ɗora tukunya, babu wanda ya ce mini ya haƙuri. Ban san ina jiran kalmar nan ba sai da na rasa ta. Na zauna ni da kare, shi a bayan zarensa, ni a gabansa.

Rana ta uku da safe aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Gwaggo, ta ƙara jiki, tana haki, tana zagin wanda ya gina matakalan. Shuɗiyar glasiyer ɗin nan na hannunta. Ta cire takalmi, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasan falon, ta juya wa mutum-mutumin baya ta zauna.

“Salame, ya haƙuri?”

Na faɗa jikinta na yi kukan da na riƙe, ta bar ni na yi, tana bubbuga bayana tana cewa ya isa, alhali ba ta nufin in daina.

“Kada ki ɗauka ita na zo wa,” ta ce. “Tsakaninta da Mahaliccinta ne, ba ruwana. Ke aka yi wa mutuwa, ke na zo gaidawa. Ai ko maƙwabci ne ya riƙe maka ɗiya shekaru, ka taka.”

Girgije ya taso a hankali ya tsaya nesa da ita. Tun rasuwar bai ci komai ba. Gwaggo ta janye zanenta, ta harare shi.

“Shi wannan tsohon, an yi mashi gaisuwa?”

Ta buɗe glasiyer. Ƙosai ne, da dambun zogale, da shinkafa da wake. Ta ɗauki ƙosai guda ta ajiye a ƙasa, ta tura masa da murfin kwano. Ya shinshina, ya ci. Ta tura masa wani.

“Kira mutanen nata su zo su ci,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Gaya masu babu nama a ciki. Ko dunƙulen miya ban sa ba, an ce da kaza a cikinsa.”

Girgije bai daɗe ba ya bi uwargijiyarsa. Babana ya kira ni a makon da Gwaggo ta zo, da gaisuwarsa mai tsawo irin ta da. Zanen ragon kuwa, Gwaggo da kanta ta sa aka yi masa gilashi, ya yi shekaru a shagonta a saman shaddoji, duk wanda ya tambaya ta ce ragon babanta ne. Ita ta ba ni shi ranar sunanki, Habsu. Idan tsohuwar bikin nan ta sake jan ki gefe, ki gaishe ta da kyau, ki ce mata ta zo gida ta ga ragon. Ki gaya mata mun sani, ƙahon ya yi gajere.